Igiyar Dogon Ƙarfe

Ni ba na son sassanyar iskar nan da mutane ke yabo, wadda ke busawa bai ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Baƙi in sun zo garinmu sukan buɗe ƙirji su ce lallai mun ji daɗinmu. Ni kuwa da ta fara sai in bar abin da nake yi in kasa kunne, ko da ina tsakiyar juya kifi a kan banda.

Garinmu yana bakin tafkin Kainji, ta wajen Ngaski. Tsohon garin yana ƙarƙashin ruwa tun da aka tare kogi. Ni ban taɓa ganinsa ba, amma mahaifina a can aka yanke masa cibiya. Da ruwa ya zo ba a sare itatuwa ba, a tsaye suka mutu. Rassa suka ruɓe suka zube, kututture ya rage, kuma ruwa bai ƙara masa komai ba sai tauri. In tafki ya cika suna can ƙasa ba ruwansu da kowa, in ya janye ƙwarai kawunansu na waje kowa na gani. Mugun lokaci shi ne tsakani, wajen ƙarshen bazara, sa'ad da ruwa ya rufe su da taki ɗaya kacal. Jirgi mai inji in ya hau ɗaya da kaya tsagewa yake yi.

Hanya ɗaya ce tal ke shigowa mashiginmu lafiya, ita ce tsohuwar hanyar kasuwa ta wancan garin, inda dama babu itace. Baba ya taka ta da ƙafarsa yana saurayi, don haka shi ya yi mata alama. Ya samo bututun rijiyar burtsatse guda biyu, mai walda ya haɗa masa su, ya zura a cikin wani guntun bututu mai faɗi da aka binne da siminti a bakin ruwa, ya kifa farar jarka a kansa. Tsawonsa ya kai na matashiyar giginya, kauri kuwa bai fi na taɓarya ba. Muna ce masa dogon ƙarfe. A bayan gari, kan tudu, akwai rimi. Mai jirgi in ya taso daga arewa sai ya yi ta gyara hanci har dogon ƙarfe ya raba rimin nan biyu a idonsa, sannan ya miƙe. In ƙarfen ya zame dama ko hagu da rimi, to ka bar hanya ka shiga gonar kututture.

Baba bai yi salla ba, bai je coci ba, abin iyayensa yake bi har ya mutu. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, gida ɗaya sai ka iske addini uku suna cin tuwo a akushi guda. Kowace shekara kafin ruwan farko yakan sa samari su zare dogon ƙarfe su kwantar. Ya kwance tsohuwar igiya, ya kawo sabuwa ta rama mai kaurin babban yatsa, ya naɗa ta a jikinsa a karkace tun daga sama har ƙasa da rabi, kamar yadda wake ke hawa karan dawa. In an tayar da shi sai ya yanka jan zakara a gindinsa, ya zuba giya, ya yi magana da magabatansa.

Ina 'yar budurwa na tambaye shi ko igiyar nan ta ɗaure aljannu ce, don haka ake faɗa a gari. Ya yi dariya har da tari, ya ja ni bakin wani rafi da ke gangarowa tafki. Ya tsoma gorar tura jirgi a cikin ruwa mai gudu ya ce in riƙe. Gorar ta kama rawa a hannuna, kuma ba gaba da baya take yi ba, gefe da gefe take kaɗawa. Ya ce in dubi bayanta. Na ga ruwa na murɗewa yana ɓallewa, wannan ta dama, na gaba ta hagu, bi da bi. Ya ce kowane in ya ɓalle sai ya fizgi gorar ta wajensa, kuma abin da ruwa ke yi wa gora shi iska ke yi wa ƙarfe mai santsi. Ya zare gorar ya naɗa mata igiya, ya mayar. Murɗewar nan ta watse, rawar ta kwanta.

"Zakara addinina na," in ji shi. "Igiya kau aiki ta, awa toshe huji ga jirgi. Kak ki gama su wuri guda, ɗiyata."

Mijina mai jirgi ne, yana kai mutane da kaya kasuwar Yelwa. Mutumin kirki ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, amma taurin kai gare shi kamar kututturen da yake kaucewa. Gidansu Musulmi ne, ni ma na musulunta da aurensa, Baba bai hana ba, har rago ya saya mana ranar sunan ɗiyarmu ta fari. Da Baba ya rasu sai abokan mijina suka sa shi a gaba da ba'a, wai ga shi a sahun farko a masallaci, amma tsafin surukinsa ke kai shi gida. Ya haɗiye, ya haɗiye, ran nan ya tara samari suka kwantar da ƙarfen. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar ya jefa a wuta, ya kankare tsatsa, ya shafa farin fenti har yana ƙyalli. Na gaya masa abin da Baba ya nuna mini a rafi. Ya ce kowace ɗiya tana da hujjar da za ta kare ubanta. Ban ga laifinsa duka ba, don igiya da jinin zakara rana ɗaya suke zuwa, hannu ɗaya ke kawo su, ba kowa ke iya raba su ba. Amma na ji haushi, kuma na nuna masa.

Ba a daɗe ba ƙarfen ya fara kuka. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, in guguwa ta zo tana fizga tana saki, sai dai ya ɗan sunkuya ya miƙe, bakinsa shiru. Amma in matsakaiciyar iskar nan ta miƙe bai ɗaya, sai ka ji gunji yana tashi, jarkar da ke sama tana leƙa dama tana leƙa hagu. In ka dafa shi sai ka ji rawar har cikin haƙoranka. Nan take gari ya ɗauka, wai tsoho ne ke ƙorafi an hana shi zakaransa. Wannan magana ita ta ƙarasa lalata komai, don yanzu in mijina ya mayar da igiya, cewa za a yi ya ji tsoron matacce. Ya yi kunnen uwar shegu da ni da ƙarfen baki ɗaya.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Yelwa ce. Da safe na je wankin kifi na duƙa a gindin ƙarfen, na ga tsaga siririya daidai bakin siminti, jan ruwan tsatsa na tsattsafowa daga ciki. Na sami mijina yana loda buhunan bandata shi da ƙanensa, wanda ke riƙe masa gaban jirgi.

"Maigida, ƙarhen ga ya tsage. Zo ka gani da idonka."

"In na dawo ni duba."

"Kullum in ka dawo. Shina kuka kamar maraya, kai kaɗai ab ba ka ji."

"Ke dai ba ki gajiya da zancen igiyag ga," ya ce, ya ja inji.

Na bi shi da harara har ya fita, ko a dawo lafiya ban ce masa ba. Ƙanen nasa ne ya ɗago mini hannu yana dariya, don dama abokin wasana ne.

Tun hantsi iskar ta miƙe daga gabas, irin wadda na tsana. Ƙarfen ya yi kukan da bai taɓa yi ba. Na ɗauko igiyar taru na naɗa iya inda hannuna ya kai, na hau turmi na ƙara, amma rawar daga sama take, inda iska ta fi ƙarfi, nan ƙasa ba abin da ta rage. Bayan azahar ina cikin rumfar banda na ji ƙara kamar an fasa tulu, gunjin ya ɗauke. Na fito na iske shi kwance a kan yashi, jarkar ta fashe. Ya karye daidai bakin siminti, guntun ya maƙale a ciki, babu ramin da za a mayar da shi. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin a gabas. Na san lokacin tashin kasuwa, na san mijina yana kan ruwa.

Na kira wayarsa. Ta shiga tana ta ringi, na san tana cikin leda a aljihunsa, inji na ruri a kunnensa. Na kira ta ƙanensa, a kashe. Na sake kiran ta mijina, bai ɗauka ba. Maza duk suna kasuwa ko suna wajen kamun kifi, gari ba kowa sai mata da tsofaffin da ba sa iya ɗaga tulu. Na ruga gida gida ina kiran mata, ban san ma abin da nake faɗa ba. Suka fito, wata da kumfar sabulu a hannu, wata da goyo. Uwar mijina, da nake ce wa Inna, ta fito da sandarta, ta dubi ƙarfen ta dubi sama.

Muka fara gwada gora, don ita ce marar nauyi. Mun ɗaura biyu muka tayar, iska ta lanƙwasa ta kamar baka, kanta bai ma wuce dogayen ciyayin bakin ruwa ba. Muka yar muka koma kan ƙarfen. Tunda jarka ta fashe, kuma duhu na saukowa, na kwance jan zanen da ke kaina na goyo na ɗaure a samansa don a hango. Muka ɗaura igiyoyin taru a tsakiyarsa, muka tokare gindinsa da siminti, wasu na ja, mu muna bi da hannu da gwafannin rumfa. Ya tashi rabi ya dawo, ya kusa karya wa wata kafaɗa. Muka sake. A karo na gaba ya miƙe, na rungume gindinsa da ƙirjina.

A nan na san abin da ƙarfen nan yake sha shekara da shekaru. A kwance kaurinsa ba komai ba ne, za ka ce iska ba ta da wurin kamawa. A tsaye kuwa, duk tsawon nan turawa take yi, kuma na sama ya fi na ƙasa, sai ka ji kamar ƙato ne ya kama kan yana murɗawa. Zanen da na ɗaura ya ƙara mana wahala, in ya buɗe ya yi fat sai ya fizge mu gaba ɗaya. Wata ta ce a cire shi. Na ce in an cire me mijina zai gani a cikin duhun nan. Sai muka lura in mun ɗan kwantar da ƙarfen ta gabas, ya fuskanci iska, nauyinsa na danne turin, hannu na samun sauƙi. Matan suka fara barinsa a haka ba su ma sani ba, don jiki shi ke neman hutu.

Inna ce ta hango. Ta ja da baya ta tsaya tsakaninmu da rimi, ta ɗaga sanda.

"Ku miƙe shi, 'yan nan. Gindinai ba a gani daga ruwa, ciyawa ta ɓoye shi. Kai ɗai suka gani. In kai ya karkace ƙarya muka yi musu."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta fi ƙarfinmu. A miƙe shi ne alama, amma a miƙe ba ma iya riƙe shi sai tsakanin fizga da fizga. A karkace muna iya riƙewa har dare, amma yana nuna hanyar kututture. Na yi ta roƙonsu, na yi ta zaginsu, matan da suka bar girkinsu suka zo taimakona. Har yau ba wadda ta taɓa tuna mini zagin nan. Fatar tafin hannuna ta saluɓe, ban ji ba sai daga baya. Ina cewa ya Allah ka tsayar da iskar nan ko na ɗan lokaci, ya Allah ka sa ya tsaya a Yelwa, ka sa injinsa ya mutu a wani gari. Ban taɓa roƙon injin mijina ya lalace ba sai ran nan.

Sai ga jirgin. Na gane shi tun yana ɗigo, don gabansa shuɗi ne. Ya yi nauyi da kaya, igiyar ruwa na dukan gefensa, ba shi da halin tsayawa a tsakiya ya jira hadari ya wuce. Na ga ya rage gudu, na ga hancin yana nemanmu. Na ce wa mata yanzu ne, don girman Allah yanzu ne. Muka miƙe shi cak. Inna na bayanmu tana cewa haka, haka, ku riƙe. Jirgin ya daidaita ya miƙo, har na fara jin injinsa.

Sai iskar gaban ruwan sama ta iso, wadda ke ɗauke jinka. Zanen ya buɗe, igiya ɗaya ta tsinke, masu riƙe da ita suka zube. Ƙarfen ya tafi yamma, muka jawo shi da ƙarfin tsiya ya wuce gabas, muka rasa tsakiya. Ban san tsawon lokacin da ya yi a karkace ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya rufe mana tafkin. Ta cikinsa na ji ƙara guda, irin ta katako in ya tsage, injin ya yi shiru.

Na saki ƙarfen ban san inda ya faɗi ba. Ni da wasu mata biyu muka tura kwalekwale, muna tuƙi ruwa na cika shi. Muka tarar da buhuna na yawo, jirgin ya kife rabi a kan kututture, ƙanen mijina ya rungume wani kututturen yana kiran yayansa. Muka jawo shi. Na yi ta kira har muryata ta dishe, na faɗa ruwa, suka cafko ni da gashi. Mijina ya iya ruwa fiye da kowa a garin nan. Amma itatuwan nan duk tsofaffin taruna ne maƙale a jikinsu, na shekaru, waɗanda masunta suka yanke suka bari. A cikin ɗaya maza suka same shi da gari ya waye.

Ina cikin takaba aka kawo mini abin da ruwa ya turo gaɓa daga kayan jirgin. Akwai galan na manja, da takalman roba da ya sayo wa ɗiyarmu, da wani naɗi na sabuwar igiya shuɗiya mai kaurin babban yatsa. Na ce wannan ba tamu ba ce, ta yi wa taru kauri, a nemi mai ita. Ƙanen mijina yana zaune a bakin ƙofa, tun ranar bai ƙara yi mini wasa ba. Ya ce taku ce. Ya ce Yaya ya zagaya rumfunan masu igiya yana gwadawa da yatsansa, yana cewa irin kaurin ta tsoho yake nema.

Na tambaye shi ko sun hango mu. Ya ce sun hango, tun daga nesa suka ga babu farar jarka, sai jan zane.

"Mi yac ce?"

"Cewa yay yi, ashe ya hwaɗi, dubi mata na riƙe da shi. Yac ce wancan zanen matata na. Gobe in naɗa mata igiyarta in huta."

Na tambaye shi ko a miƙe ƙarfen yake sa'ad da suka bi shi, ko ya karkace. Ya ce ruwan sama ya rufe, ba su ga komai ba daga baya. Bai dube ni ba da yake faɗa. Ban ƙara tambayarsa ba, shi ma bai ƙara tayar da maganar ba.

Da na fita takaba, masu jirage suka kawo mai walda ya fasa simintin ya gyara gindin. Kafin a tayar na fito da igiyar. Wasu daga cikin masu yi wa mijina ba'ar nan suna tsaye, ba wanda ya buɗe baki, kuma da ya buɗe da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Inna ta riƙe mini bakin igiyar, na yi bisimilla na naɗa ta a karkace tun daga sama, yadda na ga Baba na yi. Ba zakara, ba giya. Igiyar ta isa daidai, har da ɗan saura, ashe mijina ya auna tsawon da idonsa tun tuni.

Yanzu kowace shekara kafin ruwan farko ni ke sa a kwantar da shi in duba naɗin. In iskar nan ta miƙe na kasa kunne, ba na jin komai, ƙarfen shiru yake yi. Ranar kasuwa da la'asar nakan fita bakin ruwa in ga jirage suna gyara hanci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsayawa har na ƙarshe ya taɓa yashi, ko da na san babu mai shuɗin gaba a cikinsu, sannan in koma in juya kifina.